Dutsen da Ya Zo Ganin Babban Ƙusa

Duk wanda ya zauna a dogon benen nan na bayan tashar bas bai san Babban Ƙusa ba, to kwana kawai ya yi ta yi a ciki, bai zauna ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar da ba a samu a makaranta: zai shigo ɗaki a makare, ya sa duk waɗanda suka riga shi zuwa su ji kamar su ne suka yi laifi. Gyaran muryarsa kaɗai ya isa jawabin buɗe taro. In ya miƙa maka hannu, yatsu biyu yake ba ka, sauran yana ajiye su ne saboda manya. Shi ne shugaban ƙungiyar mazauna benen tun ranar da aka kafa ta. Shi ya kafa ta, shi ya tsayar da kansa takara, shi ya goyi bayan tsayarwar, sannan ya tashi ya gode wa jama'a bisa wannan nauyi da suka ɗora masa ba da son ransa ba.

Kafin ya yi ritaya, a wata ma'aikata ya yi aiki. In ka tambaye shi aikin me, sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Harkar manya." Kuma bai yi ƙarya ba, domin shi ne mai tsara zama a zauren taro. Shi ke yanke hukuncin wanda zai zauna a dama da babban baƙo, da wanda za a tura bayan lasifika, inda ba mai ganinsa sai mai shara. A wannan aiki ya gano ilimin da ya rayu a kansa: mutanen duniya kashi biyu ne, na kusa da na nesa. Na kusa su ne mutane. Na nesa kuwa an tanade su ne saboda tafi.

Shaidar kusancinsa tana rataye a falonsa, can hawa na ƙarshe. Hotuna ne bango guda. A kowanne akwai wani babban mutum a tsakiya yana murmushi, can gefe kuma, daidai inda hoton ya yanke, sai ka hango kafaɗar Babban Ƙusa, ko rabin tabaransa. A wani ma kunnensa ne kaɗai ya samu shiga. Wannan ne ya fi so. Yakan tsayar da baƙo a gabansa ya ce, "Dubi tazarar. Ko tafin hannu ba ta kai ba."

Sunan kuwa mai askin ƙofar bene ne ya laƙaba masa. Da ya ji, ya yi murna har ya fara amsawa. Abin da bai taɓa ji ba shi ne ƙarashen da mai aski ke yi in ya ba da baya: irin ƙusar nan da ta yi tsatsa a katako, ba ta riƙe komai, ba ta kuma ciruwa.

To, bana an samu mai niyyar cire ta.

Injin da ke tura ruwa sama ya daɗe da mutuwa. Shugaba bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya kafa kwamiti, ya jagoranci kwamitin zuwa ziyarar gani da ido, ya tsaya a gaban injin ya yi jawabi. Injin bai tashi ba. Maza da mata suka ci gaba da hawa matakala da bokiti, suna haki, suna tsinuwa a ciki. Shi kam bai san ana wahala ba, domin kullum ya shiga banɗaki yana tarar da bokiti a cike, har ya ɗauka haka ake sayar da shi. Uwargidansa ce ta san yadda yake cika, ita da ƙugunta.

Sai Gwaggo Tela, mai ɗinkin da ke hawan ƙasa, ta miƙe a wani taro. Mace ce gajeriya mai kaifin baki, wuyanta ba ya rabuwa da tef ɗin awo. Ta ce, "Shugaba, Allah ya ƙara girma. Wa'adinka ya ƙare tun autana yana goye, yanzu kuwa gemu yake askewa. A ƙarshen watan nan a yi zaɓe. Ni ma na tsaya."

Ya yi dariyar manya, wadda ba a buɗe mata baki. Ya san abin da ya taka. Dokar ƙungiya, wadda shi ya tsara ta, ta ce ba a zaɓe sai mazauna sun hallara gaba ɗaya a wuri guda. Su kuwa mutanen benen nan ko gobara ba ta tara su: wannan yana wurin aiki, wancan yana kasuwa, wancan ba ya ga maciji da wancan. Amma da ya ga Gwaggo tana bin ƙofa-ƙofa, tana hawa har saman bene da gwiwarta mai ciwo, sai dariyar ta fara ƙafewa. Maganar gaskiya, tsoro ya kama shi, tsoro na ainihi. In aka raba shi da shugabancin nan, me ya rage? Tsoho a hawa na ƙarshe, da wayar da ba mai kira, da hoton kunne. Yakan zauna a falo ya yi jugum har shayinsa ya huce.

Ana cikin haka taimako ya zo daga sama, inda Babban Ƙusa ya daɗe yana cewa yana da mutane.

Yana kan kujerar mai aski, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, an aske rabin kai, sai mai karanta labarai a rediyo ya ce masana sararin samaniya sun hango wani ɗan dutse, girmansa kamar motar bas, wanda hanyar da yake bi wajen zagaya rana za ta biyo da shi ta kusa da duniya ranar Asabar. Ya ce irin waɗannan duwatsu suna da yawa, kuma sukan gifta lokaci-lokaci. Ya ce babu abin tsoro, domin tazarar da zai bari tsakaninsa da mu ta fi nisan wata.

Babban Ƙusa ya ɗaga hannu. Mai aski ya kashe inji.

"Ka ji abin da ya ce? Kusa."

"Ya kuma ce babu abin tsoro, ranka ya daɗe."

"Babu abin tsoro!" Ya girgiza kan, da askakken ɓangaren da wanda ba a kai gare shi ba. "Ni za a gaya wa babu abin tsoro? Ranar da silin ɗin zaurenmu ya fara zubowa ana tsakiyar taro, wa ya karɓi makirufo ya ce babu abin tsoro? Ni ne. Ina faɗa ina ja da baya. Wannan magana ta na nesa ce, don su zauna lafiya a inda aka ajiye su. A duk sanarwar nan kalma ɗaya ce aka aiko wa masu fahimta, ita ce kusa."

Malamin kimiyyar da ke hawa na biyu yana kan benci yana jiran layi. Ya yi ƙoƙari, a ba shi haƙƙinsa. Ya ce, "Yallaɓai, ai kusan masana daban yake da namu. Sararin ne da faɗi. Abin da ya fi wata nisa ma, a wurinsu maƙwabci ne."

"Malam, shekara nawa ka yi kana aikin kusa?"

Babban Ƙusa bai jira amsa ba.

"To ni a kansa na yi furfura. Ba mai tasowa tun daga can ya ce zai wuce ta kusa da kai alhali ba shi da niyyar tsayawa. Ka koya wa yara abin da ke littafi, ka bar mana abin da ke sama."

Yana hawa matakala, yana hutawa a kowane hawa kamar mai duba aiki, sai tunani biyu suka zo masa. Na farko na siyasa ne: ba a zaɓe a cikin dokar ta-ɓaci. Na biyun ya fi daɗi, har sai da ya tsaya ya dafa bango. Abu ya taso daga sama ya nufo duniya. Duniya kuwa da faɗi, dole akwai inda ya nufa. Duk babban baƙon da ya taɓa shigowa zaure, wa yake fara nema da ido don a nuna masa wurin zama? Kuma a duk unguwar nan, wa ke kwana a wuri mafi kusa da sama? Tsigar jikinsa ta tashi, rabi tsoro, rabi alfahari. Kafin ya kai ƙofarsa ya gama gamsar da kansa.

Washegari da yamma ya kira taron gaggawa a farfajiya. Ba kowa ya zo ba, amma an fi kullum yawa, domin labarin dutse ya zaga bene.

"Ya ku mazauna," ya ce, bayan gyaran murya mai tsawo. "A madadina, da ni kaina, da kuma ofishina, ina sanar da ku cewa benen nan ya shiga idon duniya. Daga yanzu an kafa dokar ta-ɓaci. Maganar zaɓe an jingine ta har sai sama ta lafa. An kafa Babban Kwamitin Ƙoli na Kula da Zuwan Dutse, kuma bayan dogon nazari kwamitin ya roƙe ni in shugabance shi. Ranar Asabar kowa da kowa, babba da yaro, zai sauka ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene. Ba a yarda ko mutum ɗaya ya leƙo waje ba. Zama kuwa bisa tsari ne. Waɗanda suka nuna biyayya za su zauna kusa da ni. Masu bin ƙofa-ƙofa kuma akwai wuri a bakin ƙofa, tunda sun saba."

Malamin kimiyya ya ɗaga hannu. Nan take aka naɗa shi Babban Mai Ba da Shawara, aka kuma shaida masa cewa mai ba da shawara ba ya magana a bainar jama'a.

Mai aski ne ya yi tambayar, kuma da zuciya ɗaya ya yi ta. "Ranka ya daɗe, duk faɗin duniyar nan, me ya sa sai benenmu?"

Da Babban Ƙusa ya yi shiru a nan, da ya huta. Amma ina, an sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya yi murmushi, ya gyara tabarau, ya dubi sama kamar mai gaida sananne.

"Ni ba mai yabon kai ba ne, kowa shaida ne. Amma akwai abin da ba ya ɓoyuwa. Tun ina aiki, duk abin da ya fito daga sama ni yake fara samu. Umarni daga sama, ni. Baƙo daga sama, ni. To don an ce wannan karon dutse ne, sai tsari ya canza?"

Gwaggo Tela ta karkata kai.

"Wato dai, Shugaba, kai yake nema."

"Wa kuma?"

"Kai kanka. Duk inda kake."

"Duk inda nake," ya ce, yana jin daɗin yadda maganar ta zauna.

Wata mata da ke bencin gaba ta ja hannun 'yarta ta koma na baya. Mijinta ya tuna ya bar tukunya a kan wuta, shi da bai taɓa sanin hanyar kicin ba. Kafin a rufe taro bencin gaba ya zama wayam, na biyu ma ya fara yoyo. Babban Ƙusa ya lura, ya kuma ji daɗi. A ƙarshe dai mutanen nan sun koyi barin tazara tsakaninsu da manya.

Da farko abin ya yi masa yadda yake so. In ya sako ƙafa a matakala, sai ya ji ƙofofi suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Masu ɗauke da bokiti su juya da gudu, ruwa yana zuba. Gaisuwa ta koma daga nesa, da hannu biyu a sama. Ya sauka ɗakin ajiya da alli yana zana wurin zaman kowa, sai mutane suka fara ƙwalo masa kira daga can bakin farfajiya, kowa yana roƙon a sa shi a bakin ƙofa. Wasu har suna tuna masa rashin biyayyar da suka taɓa yi masa, wadda shi ya ma manta. Wani dattijo ya rantse cewa shi ne ya yi tsaki a taron bara, kuma a shirye yake ya karɓi hukuncinsa. Malamin kimiyya ya bi mutane yana cewa ba haka ba ne, dutse ba ya sanin mutum. Aka ce masa, "Malam, mun yarda. Tunda ka tabbata, je ka zauna kusa da shi." Malam ya ce shi ba don dutse ba, dama can ba ya son zama kusa da shi.

Daɗin ya ƙare ne ranar da ya shigo gida ya tarar da uwargida tana naɗe zannuwa tana sawa a jaka.

"Ina zuwa?"

"Ƙasa. Gwaggo ta ce aiki ya yi mata yawa, in taya ta sa maɓalli."

"Gwaggo! Abokiyar hamayyata? Kuma da jakar kaya ake sa maɓalli?"

"Baban yara, kai da bakinka ka ce duk inda kake. Ni kuwa duk inda kake nan nake, shekara da shekaru. Na bi ka kana aiki, na bi ka ka yi ritaya, na bi ka har saman benen nan. Amma dutse kam, ka yi haƙuri, ba da ni aka yi wannan alkawarin ba."

Ya buɗe baki zai ce mata duk maganar ta siyasa ce, sai ya ga ba zai iya ba. In ya janye, dokar ta-ɓaci ta faɗi, zaɓe ya dawo. Abin da ya fi wannan ma, shi kansa ya daina sanin inda siyasar ta tsaya da inda yardar ta fara. Ta ɗauki jakarta ta fita. Da safe ya shiga banɗaki ya tarar da bokiti a bushe, ya tsaya yana kallonsa kamar ya ci amanarsa.

Ana gobe Asabar aka aiko masa da tawaga. Ya ji sallama, ya fito, bai ga kowa a ƙofa ba. Can ƙarshen baranda ya hango su a bakin matakala, kowa ƙafarsa ɗaya a kan matakin sauka: Gwaggo Tela, da mai aski, da Babban Mai Ba da Shawara yana kallon takalminsa. Sai da Gwaggo ta ɗaga murya sannan ya ji ta.

"Shugaba, jama'a ne suka aiko mu. Sun ce baƙo irin wannan, da ya taso tun daga bayan wata saboda kai, bai dace a tarbe shi a ɗakin ajiya ba, cikin tsofaffin katifu da tayoyi. Kai ka fi mu sani. A ina ake tarbar manya?"

"A fili," ya ce. Bakin ne ya amsa da kansa saboda sabo, bai jira kai ba.

"Ka ji ba! Shi ya sa muka ce filin ƙwallon nan na bayan layin dogo. Ga faɗi, ga ba gidan kowa a kusa. Mu na nesa sai mu taru a ƙasa kamar yadda ka umarta, ba mai leƙowa, mu bar manya da manya."

Ko Gwaggo ta yarda da maganar dutsen, ko ba ta yarda ba, Allah kaɗai ya sani. Fuskarta dai irin wadda take yi ce in tana awon wuyan riga. Babban Ƙusa ya dubi malamin, a karon farko yana fatan ya yi magana. Malam ya tuna cewa mai ba da shawara ba ya magana a bainar jama'a, ya kuma tuna da bokitin da ke jiransa a ƙasa, sai ya yi gum.

To me zai ce? Ya ce yana tsoro? Ya ce a zo a raka shi? Ya cika ƙirji da iska. "Dama abin da kwamiti ya yanke ke nan. Kun riga ni sanarwa ne kawai."

Ranar Asabar da hantsi ya fito cikin kwat ɗinsa ta tarbar baƙi, takalmi yana sheƙi, da jakar leda a hannu. Bene ya yi shiru, kowa ya sauka ɗakin ajiya. Ya so a ce ko mutum ɗaya ya leƙo ta taga ya ga irin tafiyar da yake yi, domin tafiya ce ta tarihi, amma dokarsa ta hana. Kujerar shugaba, mai hannu da matashi, mai aski ya riga ya kai ta tun da sassafe, ya dasa ta a tsakiyar fili ya ranta a na kare.

Ya zauna. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya maimaita jawabin marabar da ya shirya, wanda ya fara da taƙaitaccen tarihin rayuwarsa. Da ya waiga hagu da dama ya tabbatar ba kowa, sai ya buɗe ledar ya fito da hular kwanon tsohon babur ɗinsa ya kifa a kai. Wannan ba tsoro ba ne, tsari ne.

Rana ta taso ta tsaya a kansa. Kwat ta jiƙe sharkaf, kai yana dahuwa a cikin hula. Wani kare ya zo ya shinshina ƙafar kujera, ya dube shi, ya ga ba abin ci, ya koma gefe ya kwanta. Sama kuwa shuɗiya fes, ba ta da labarin kowa. Can sai ga wata inuwa ta gifta a ƙasa da sauri. Abin da ya biyo baya ba ya cikin tarihin da Babban Ƙusa ke bayarwa, amma gwiwoyin wandonsa sun shaida. Sai da shirwar da ta yi inuwar ta yi nisa sannan ya rarrafo daga ƙarƙashin kujera, yana karkaɗe ciyawa, yana yi wa karen bayanin cewa ƙarfin ƙafafun kujerar yake dubawa.

Bayan nan ya zauna a takure. Daga tsakiyar filin ya hango benen, wanda bai taɓa tsayawa ya kalla daga nesa ba. Ashe ƙarami ne. Ya nemi tagarsa a cikin tagogi ya kasa ganewa. Ƙishirwa ta dame shi, kaɗaici ya fi ta damunsa. Ya kama kansa yana fatan dutsen ya zo ɗin, ko da a can ƙarshen fili zai faɗo, ko da 'yar tsakuwa ce, don dai a ce an zo wurinsa. Karen ma daga baya ya gaji ya tafi.

Da rana ta karkata ya gane abin da ya faru, domin Babban Ƙusa ba ya daɗewa bai gane abu ta hanyar da ta dace da shi ba. Dutsen ya zo. Ya hango wanda ke zaune. Ya ga kwarjini, ya yi abin da duk mai hankali ke yi in ya ga babba: ya rusuna daga nesa ya wuce. Mutum ɗaya, daga zaune, ya kare bene guda, kai, duniya guda! Bayan wannan wa zai sake furta kalmar zaɓe? Ya cusa hular a leda, ya miƙe ya nufi gida yana tsara jawabi a hanya.

Tun daga matakalar ɗakin ajiya ya jiyo hayaniya da dariya. Ya tura ƙofa. An zazzauna yadda aka ga dama, wasu kan katifu, wasu kan tayoyi, ba gaba ba baya, an tattake zanen allinsa. Ana zagayawa da shayi. Waɗanda suka yi shekaru ba sa gaisawa suna buga karta. Uwargidansa tana dariya har da riƙe ciki. A kan wani tsohon firji, rediyon mai aski yana ba da labarin cewa dutsen ya wuce lafiya tun da safe, ba wanda ya gan shi sai masu manyan madubin hangen nesa. Babban Ƙusa ya yi kamar bai ji "tun da safe" ba.

Ya yi gyaran murya. Ba a ji ba. Ya sake.

"Ya ku mazauna! A madadina, da ni kaina..."

"A'a, ranka ya daɗe, ka dawo?" in ji mai aski, ya taso da kofi a hannu. "Sannu da rana. Ai an yi zaɓe."

"An yi me?"

"Zaɓe. Ka ce sai sama ta lafa, rediyo kuwa ya ce ta lafa. Ga mu zaune ba abin yi, sai wani ya ce to me ake jira. Gwaggo ce ta ci."

Ledar ta suɓuce daga hannunsa, hular kwano ta gangaro tsakiyar ɗaki. Amma bai ƙare ba tukuna, doka tana hannunsa. Ya ɗaga yatsa.

"Haramtacce ne! Doka ta ce sai mazauna sun hallara gaba ɗaya!"

"Wallahi an bi doka, ranka ya daɗe. Sai da Malam ya miƙe ya tambaya ko akwai wanda ba ya nan. Kowa ya waiga, ya dubi na kusa da shi, aka ce babu."

Babban Ƙusa ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, yana neman ƙiyayya, ko makirci, ko da ɗan murmushin mugunta ne, abin da mutum zai riƙe ya ce an yaƙe shi. Bai samu ba. Kunya ce kawai a fuskokin, irin ta wanda aka tuna wa saƙon da ya manta. Idonsa ya tsaya a kan uwargida.

"Har ke?"

Ta sunkuyar da kai. "Baban yara, wallahi na ji a jikina kamar na manta wani abu. Na ɗauka murhu na bari a kunne."

Gwaggo Tela ta taso tana ɗingishi, tef a wuya, ta miƙa masa kofin ruwa da hannu biyu.

"Sannu, Baba. Sha ka huta. In ka huta a ɗauko mana kujerar nan daga fili kafin wani ya yi gaba da ita. Da safe ina da zama da mai gyaran inji."

Ya waiga ya ga wa zai aika. Yanzu kam kowa yana kusa da shi, har ana gogar kafaɗarsa ana wucewa, amma ba wanda ya dube shi.